Wai injin gas ba ya mutuwa, to wanne daga ciki ake nufi?

Na daɗe ina jin wannan maganar a bakin direbobi da masu mota, wai injin gas, wato na dizal, ba ya mutuwa, sai dai bodin motar ya ruɓe ya bar shi yana aiki. Kuma gaskiya maganar tana da tushe, ba haka kawai aka ƙirƙiro ta ba. Abin da ke ci min rai shi ne yadda mutum zai ɗauki wannan maganar ya je ya sayi motar dizal ta zamani, ya riƙe ta irin riƙon da ake yi wa tsofaffin, ba a shekara biyu sai ka ji yana cewa an cuce shi, motar ba ta da kyau, kullum tana gareji. Alhali injin da aka yi wa wancan kirarin daban, wanda ke cikin motarsa daban, suna ne kawai ya haɗa su.

Bari mu fara da abin da ya sa injin gas yake da ƙarfin jiki tun asali. Shi ba shi da filogin da ke kunna wuta kamar na fetur. Iska zalla yake ja, fistan ya matse ta sau 15 zuwa 22, matsin nan shi ke sa iskar ta yi zafin da ya wuce digiri 500, sai nozul ya feso man a cikinta ya kama da kansa. Wannan ita ce dabarar Rudolf Diesel, Bajamushen da ya tayar da injinsa na farko mai aiki sosai a 1897, kuma har yau a kanta ake. Tunda matsin ya kusan ninka na injin fetur, dole a yi bulok ɗin da kauri, fistan da karanshaf da metal duk a yi su da nauyi. Ga shi ba ya gudu da yawa, yawancin na ƙananan motoci a zagaye 4,500 zuwa 5,000 a minti sun kai ƙarshe, na fetur kuwa ya kan haura 6,000. Ƙarfe mai kauri da ba a wahalar da shi da gudu, ai dole ya daɗe.

Amma akwai wani abu da masu yabon tsofaffin injina ba sa faɗa. Ɗauki Mercedes 240D ta jerin W123, wadda aka yi daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, injinta lita 2.4 ne amma ƙarfinsa bai wuce doki 72 ba. Ko 1HZ na Toyota Land Cruiser, sila shida, lita 4.2, doki wajen 130 kacal. Yau injin dizal mai lita 2.0 yana ba da doki 150 har zuwa 190. Kenan tsohon injin ƙato ne da aka ɗora wa ƙaramin kaya, na yanzu kuma ƙarami ne da aka labta wa kayan ƙato. Sannan famfon man tsohon injin na ƙarfe ne zalla, ba kwamfuta ba sansa, irin na tsohuwar Mercedes 300D ɗin nan in ya riga ya tashi ko ka cire batir ba ruwansa. Ka zuba masa mai mara kyau ya yi tari ya yi hayaƙi ya ci gaba da tafiya. Wannan ne injin da ba ya mutuwa.

A 1997 lamarin ya canza, lokacin da Alfa Romeo 156 ta fito da tsarin da ake kira kwaman rel, wanda Fiat suka fara aikinsa Bosch suka ƙarasa suka kai shi kasuwa. Maimakon famfo ya riƙa tura wa kowane nozul mai ɗaya bayan ɗaya, sai aka yi bututun ƙarfe guda ɗaya da ake tara man a cikinsa da matsi mai tsanani, kwamfutar motar ce ke buɗe kowace injekta da lantarki a daidai lokacin da take so, wani lokaci sau biyar ko fiye a ƙonawa ɗaya. Na farkon matsinsa bar 1,350 ne (bar ma'aunin matsi ne), na yanzu suna kaiwa 2,000 zuwa 2,500. Don ka gane girman abin, iskar tayar motarka bar 2 ce da ɗan wani abu, wato matsin man da ke cikin wannan bututun ya ninka na taya kusan sau dubu. Shi ya sa motar ta daina ƙarar nan ta kaf-kaf-kaf, ta samu ja, ta rage shan mai. To amma komai da farashinsa, ramukan bakin injektar nan kusan kaurin gashin kai ne, tazarar da ke tsakanin ƙarafan cikinta kuwa maikiron ƙalilan ce, alhali gashi ɗaya ya kai maikiron 70. Ƙurar da idonka ba zai ma gani ba, in ta bi ta wajen nan da wancan matsin, kankare ƙarfen take yi.

Nan ne nake ganin rabin matsalar motocin dizal take, wato abin da ke shiga tanki. Famfon mai ɗin nan da injektocin ba baƙin mai ke shafa su ba a yawancin ƙananan motoci, man gas ɗin da ke wucewa ta cikinsu shi ne maiƙonsu. Duk abin da ya rage wa man santsi, ko ruwa ne ko kananzir ko fetur, to ƙarfe ne zai gogi ƙarfe a bushe. Ni da idona na ga an kunce ƙasan filtar motata an tsiyayo abin da ke ciki a kwalba, aka ajiye ta minti biyu, sai ga ruwa ya kwanta a ƙasa kamar faɗin yatsa biyu, man yana sama, a tsakaninsu kuma wani baƙin abu mai yauƙi. Wannan yauƙin ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa a inda ruwa ya haɗu da man, su ne ke toshe filta. Kuma a lokacin motar lafiya lau take tafiya, ba alamar komai, da ba a duba ba da ruwan nan ya cika ma'ajiyarsa ya wuce gaba. Ruwan ba lallai a gidan mai aka zuba maka shi ba, tankin da ke yawan zama rabi ko ƙasa da haka yana yin gumi ta ciki idan dare ya yi sanyi rana ta yi zafi, kaɗan-kaɗan ya taru.

In famfon ya fara cin kansa kuwa, ana kukan targaɗe ne sai ga karaya. Garin ƙarfen da ke fita daga cikinsa zai bi man ya shiga bututu, ya shiga duka injektocin, ya koma tanki ta layin dawowa. Famfon Bosch samfurin CP4 ya yi ƙaurin suna a kan wannan, musamman a Amurka. Idan bakanike ya buɗe filta ya ga wani abu yana ƙyalli kamar garin azurfa, canza famfo kaɗai ba gyara ba ne, sai an wanke tanki, an canza ko an tsabtace layuka, an duba injektoci, in ba haka ba sabon famfon ma kwana kaɗan zai yi. Haka wanda ya yi kuskure aka zuba masa fetur a motar gas, dan Allah ko makulli kada ya murɗa, domin a motoci da yawa murɗawar kaɗai ta isa ta sa famfon tanki ya fara turo man gaba. A tura ta gefe a juye tankin, shikenan an tsira.

Shi ya sa ban yarda da tsumulmula a kan filtar mai ba. Filtar kwaman rel tana tace abin da ya kai ƙanƙantar maikiron 2 zuwa 5, jabu kuwa a ido iri ɗaya ce da ta gaske amma takardar cikinta rariya ce kawai. Kuma akwai wata ɗabi'a da kanikawa suka gada daga zamanin tsofaffin injina, ta cika sabuwar filta da mai daga jarka kafin a ɗaura ta don motar ta yi saurin tashi, to wani ɓangare na man nan ya riga ya tsallake tacewa kenan, kai tsaye zai je famfo. Gara a ɗaura ta a bushe a yi amfani da ɗan famfon hannu ko na lantarki a ja man.

Ɗaya rabin matsalar kuma daga salansa take tasowa. Hayaƙin dizal yana da illa ta gaske, a 2012 hukumar binciken cutar kansa ta ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar kansa. Don haka dokokin Turai da Amurka suka yi ta matsa wa kamfanoni, su kuma suka yi ta ƙara wa injin kaya. Akwai bawul ɗin EGR da ke mayar da wani kaso na hayaƙi cikin injin don a rage zafin ƙonawa, shi kuma hayaƙin in ya haɗu da tururin baƙin mai sai ya zama wani baƙin danƙo ya riƙa like hanyar iska, har ka ga bututun da hannu ke shiga ya koma sai yatsa. Akwai DPF, matatar toka ce a cikin salansa, Peugeot 607 ta fito da ita a 2000, daga dokar Euro 5 ta 2009 kuwa kusan kowace motar dizal ta Turai tana da ita. Sai AdBlue a sababbi, ruwa ne mai ɗauke da yuriya kashi 32.5 cikin ɗari da ake fesawa a salansa, in ya ƙare motoci da yawa ƙin tashi suke yi gaba ɗaya, kuma haka aka tsara su, ba lalacewa ba ce.

DPF ɗin nan ita ce mutane suka fi rashin fahimta. Tana tara baƙin hayaƙi ne, in ta kusa cika sai kwamfuta ta ƙara feso mai a ƙarshen ƙonawa don salansar ta yi zafi wajen digiri 600 ta ƙone abin da ta tara. Wannan aikin yana son tafiya mai ɗan nisa da injin da ya yi zafi, minti goma sha biyar zuwa ashirin ba tsayawa. To mutumin da tafiyarsa kullum kilomita uku ce zuwa wajen aiki, ko ya wuni a cunkoso motar tana silo, duk sanda ta fara ƙonawar sai ya iso ya kashe ta, gobe ta sake farawa ya sake kashewa, shi kuma man da ake ƙara fesowa wani yana silalewa ta gefen fistan ya gangara cikin baƙin mai. Idan ka zaro geji ka ga baƙin mai yana ƙaruwa maimakon raguwa, kuma yana warin gas, kada ka yi murna, baƙin man ne ya tsinke, kuma tsinkakken baƙin mai shi ke cinye metal da tarbo, wato na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska. Ni a ra'ayina duk wanda zirga-zirgarsa gajeru ce a cikin gari bai kamata ya sayi dizal ta zamani ba tun farko, ba don motar ba ta da kyau ba, sai don ba aikinta ba ne.

Na san da yawa mafitarsu ita ce a fasa DPF ɗin a toshe EGR a sauya manhajar kwamfutar. Ba zan ce motar ba ta samun sauƙin numfashi ba, tana samu. Amma baƙin hayaƙin da aka saki yaran da ke tsaye a bakin titi ne ke shaƙarsa, kuma a ƙasashe da dama laifi ne, sannan in wanda ya taɓa manhajar bai ƙware ba sai ka rabu da matsala ɗaya ka ɗauko uku. Akwai kuma batun sinadarin sulfa, motar da aka ƙera don man Turai, wanda tun 2009 sulfarsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan, in aka kai ta inda man ke da sulfa mai yawa, baƙin manta zai riƙa saurin lalacewa, kayan salansar ma haka. Mai irin wannan motar bai kamata ya bi dogon zangon juye da ke rubuce a littafinta ba, ya rage shi sosai, kuma ya nemi baƙin mai mai ƙarancin toka, wanda za ka ga an rubuta C2 ko C3 ko makamancinsu a jikin galan, daidai da abin da littafin ya ce. Baƙin mai na gama-gari tokarsa ba ta ƙonewa, zama take yi a DPF har abada.

Tarbo kuma ba shi da wata buƙata mai yawa, yana juyawa sama da sau 150,000 a minti a kan siririn baƙin mai, abin da yake so kawai mai mai tsabta da iska mai tsabta, kada ka taka totur da ƙarfi injin yana sanyi, in ka sha doguwar tafiya da gudu ka bar ta a silo minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe. Tayimin bel a canza a kan lokaci don in ya tsinke fistan da bawul karo suke yi. Lagireto a zuba masa ruwan sanyaya inji na gaske, domin kan silinda na yanzu yawanci alminiyam ne, obahitin ɗaya ya isa ya lanƙwasa shi.

Yanzu ga inda kuɗin mutane suka fi salwanta, wato gano cutar. Shekarun baya motata ta rasa ja, in na taka sai ta yi baƙin hayaƙi, wani lokaci ta ƙi wuce wani gudu sai na kashe na sake tayarwa. Na kai ta wani gareji, ko bonet ba a gama buɗewa ba aka ce min, "Maigida, injektoci ne, duka huɗun sai an canza." Zuciyata ba ta kwanta ba na wuce wajen wani dattijon bakanike. Shi bai ce komai ba, ya sa yaronsa ya taka totur, ya sunkuya ya kasa kunne, sannan ya bi tiyon da ke ɗauko iska daga tarbo da hannu yana matsawa, can ƙasa inda ido ba ya kaiwa sai ga tsaga kamar tsawon ɗan yatsa, gefenta duk ya jiƙe da baƙin mai ƙura ta manne. Ya ce, "Alhaji ka ji wannan huci? Iskarka ce ke gudu, man yana nan yadda yake, iskar ce ta yi kaɗan." Tiyo ɗaya aka canza. Da na bi maganar farko da an canza lafiyayyun injektoci huɗu kuma hayaƙin yana nan.

Abin da dattijon nan ya yi shi ne karanta hayaƙi, kuma kowa zai iya koyon farkonsa. Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya fi iska yawa, don haka kafin a taɓa injekta a fara da mai sauƙi, iya kilina, tiyoyin tarbo, EGR da ya maƙale a buɗe, sansar iska. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, ko ta tarbo ko ta ringi. Fari iri biyu ne, in yana warin ɗanyen gas yana yaji a ido to man ne bai ƙone ba, a duba hita, wato filogin da ke ɗumama cikin silinda kafin a tayar da mota, ko injekta ko matsin silinda, in kuma kamar tururi ne kuma ruwan lagireto yana raguwa to gasket ake zargi ko na'urar sanyaya EGR. Sai dai motar da DPF ɗinta ke aiki tana ɓoye baƙin hayaƙin, ba za ka gan shi ba, sai dai ka ga tana yawan toshewa, kuma wanke ta ba tare da an nemo abin da ke cika ta ba aikin banza ne.

Wahalar tashi ma tana da yarenta. In da safe ne kawai take wahala amma da ta yi zafi shikenan, a fara da batir, domin dizal tana buƙatar kik mai sauri kafin iskar ta yi zafin kama wuta, sannan hita. In ta kwana sai an daɗe ana kik, ta tashi ta mutu ta sake tashi, yawanci iska ce ke shiga layin mai man yana komawa tanki. In kuma da zafinta ne take ƙin tashi, sau da yawa injekta ce ke zubar da mai ta layin dawowa har matsin bututun ya kasa kaiwa inda kwamfuta za ta yarda ta fesa. Wannan akwai gwajinsa mai sauƙi, a jona wa kowace injekta siririn tiyo da ƴar kwalba a tayar da motar, wadda kwalbarta ta riga sauran cika ita ce mai laifin, ba sai an canza duka ba. Kuma in an saka sabuwa, a motoci da yawa sai an shigar da lambarta a kwamfuta. Ita kwamfutar gwajin ma mutane suna ɗaukar ta kamar ta gama magana, alhali in ta ce matsin mai ya yi ƙasa ba ta ce famfo ya mutu ba, filta ce ko iska ko injekta ko sansar kanta ko waya, alama ta ba ka, sauran aikin na mai hankali ne.

Akwai wata ƴar washa ta jan ƙarfe da ke zaune a ƙarƙashin kowace injekta, ba ta kai girman zobe ba. In ta fara yoyo za ka ji wani cif-cif a kan injin da warin hayaƙi a cikin mota, wani lokaci ka ga baƙin abu kamar kwalta ya taru a gindin injektar. A injinan da injektocinsu ke ƙarƙashin murfin bawul, irin 1KD na Hilux da Prado, wannan hayaƙin cikin baƙin mai yake shiga ya daskare ya toshe rariyar da famfon baƙin mai ke ja ta cikinta, injin ya yi nokin alhali geji yana nuna mai a cike. Duk sanda aka cire injekta a saka sabuwar washa, a goge mazauninta, a ɗaure da awo.

Abu biyu kuma sun shafi rai. Kada ka taɓa laluben yoyon bututun mai da hannu injin yana aiki, man da ke fita da wancan matsin yana huda fata ya shige nama, ramin ɗan mitsitsi ne ba ya ko ciwo sosai da farko amma yana iya kaiwa ga yanke yatsa, wanda hakan ta same shi asibiti zai nufa a take. Na biyu, in tarbo ya fashe ya fara tura baƙin mai cikin injin, injin zai iya komawa shan baƙin man nasa ya yi ta ƙara gudu da kansa yana tuttuɗo hayaƙi, ka zare makulli ya ƙi mutuwa tunda ba man tanki yake sha ba. In mai giyar hannu ce ka danne birki da ƙarfi, ka saka giya mafi girma, ka saki kuloci ta shaƙe ta mutu. In otomatik ce sai dai a toshe hanyar iska da wani abu mai tauri kamar katako, ba tafin hannu ba ba tsumma ba, ko a fesa mata abin kashe gobara na CO2 ta wajen shan iska, in babu ko ɗaya kowa ya fita ya matsa nesa da ita.